Idan Madara ko Ƙwai Ba Su Karɓi Mutum Ba: Jawabi ga Makiyaya da Manoman Ƙasar Guci



Kun saba in ma'aikatar kiwo ta tara ku, magana ba ta wuce allurar shanu, ko ciwon huhu, ko abincin dabba na rani. Yau maganar ta abin da ke cikin ƙwarya ce. A kusan kowane gari akwai wanda in ya sha madara cikinsa ya kumbura, ko yaron da in ya ci ƙwai jikinsa ya tashi da borin jini. Wasu gidaje sai su hana yaron nono da ƙwai baki ɗaya, har ya rame. Wasu kuma su ce sangarta ce, su tilasta masa. Duka biyun akwai haɗari. Abin da muke so ku koma gida da shi ke nan: kafin a hana, kafin kuma a tilasta, a nemi dalili. Dalilan uku ne, kowane da alamarsa da maganinsa.

Dalili na farko: sukarin madara

Cikin kowace madara akwai wani sukari na halitta, likitoci suna ce masa laktos. A lita ɗaya ta madarar saniya akwai giram 45 zuwa 50. Wato a kofi mai rubu'in lita akwai wajen giram 12, kamar cikin cokalin shayi 3. Madarar akuya, ta tunkiya da ta raƙuma duk suna da shi, bambancin kaɗan ne. Nonon uwa ma ya fi su yawansa.

Hanjin jariri yana fitar da wani sinadari mai narkar da wannan sukari. Bayan yaye, a jikin yawancin ƴan Adam sinadarin yana raguwa sannu a hankali. A duniya baki ɗaya, wajen mutum 2 cikin kowane baligi 3 haka suke. To, in mai irin wannan hanji ya sha madara da yawa, sukarin zai wuce ba a narke ba, ya isa babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke can su ruɓar da shi kamar yadda ƙullu yake tsami. Daga nan sai iska, ƙugin ciki, kumburi, murɗa, wani lokaci zawo. Yakan fara daga rabin awa zuwa awa 2 bayan an sha.

Wannan gado ne. A shekarar 1971 wasu likitoci sun auna mutane a Najeriya, cikinsu har da Olikoye Ransome-Kuti wanda daga baya ya zama ministan lafiya na ƙasar. Suka tarar Fulanin daji, wajen mutum 4 cikin 5 suna narkar da sukarin madara har girmansu. A cikin Yarbawa kusan babu baligin da ke narkar da shi. Hausawa da Fulanin gari suna tsakani, amma mafi yawansu ba sa narkarwa sosai. Kun ga ke nan, in Bafillatani ya shanye ƙwaryar madara ya tashi garau, maƙwabcinsa manomi ya sha ludayi 3 ya kwana yana zaryar bayan gida, babu wanda aka yi wa sammu. Kuma ko cikin ruga ɗaya akan sami wanda hanjinsa ya bambanta da na ƴan uwansa, balle a nan inda auratayya ta haɗa mu.

Mai wannan matsala ba sai ya rabu da nono ba. Ga abin da zai yi:

1. Ya rage yawa. Yawancin masu ita suna ɗaukar kofi ɗaya ba tare da wahala ba, musamman in an raba shi safe da yamma.
2. Kada ya sha da wofin ciki. A dama da fura, ko a zuba a kunu, ko a sha bayan tuwo.
3. Ya zaɓi nono mai tsami ko kindirmo. Ƙwayoyin da ke sa madara ta yi barci sun riga sun cinye wani kashi na sukarin, kuma suna taya hanji narkar da sauran. Iyayenmu da suka fi son nono a kan ɗanyar madara sun san abin da suke yi.
4. Man shanu kusan babu sukarin a cikinsa. Cuku ma kaɗan ne, don yawancinsa yana bin ruwan da aka tsane.
5. Ya yi hankali da madarar gari. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na garin sukarin madara ne. Shayi mai kauri na teburin mai shayi yakan fi ƙwaryar nono tayar da ciki. Da rani kuma, in shanu sun yi nisa, wani nonon kasuwa da madarar gari ake haɗa shi. Ku tambayi mai sayarwa.

Tafasa madara ba ta cire wannan sukari, ku riƙe wannan.

Akwai kuma irin na ɗan lokaci. In yaro ya yi zawo mai tsanani, ko tamowa ta kama shi, fatar hanjinsa takan ƙuje, sinadarin ya ragu. Sai ku ga yaron da ya saba shan madara yanzu tana sa shi zawo. Wannan yana wucewa cikin ƴan makonni in hanji ya warke. A ba shi ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zinki daga likita, a koma wa nono mai tsami kaɗan-kaɗan. Nonon uwa kuwa ba a tsayar da shi saboda zawo, ko na yini ɗaya.

Dalili na biyu: jiki ya ƙi madarar kanta

Wannan shi ne mai haɗari, ko da yake bai kai na farko yawa ba, kuma ya fi kama ƙananan yara. A nan jinin yaro ne yake ɗaukar sinadarin gina jiki na madara kamar abokin gaba, ya tashi yaƙi da shi. Ko cokali ɗaya ya isa.

Alamunsa: borin jini, ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko fatar ido, amai nan take, tari da shaƙewar murya. Suna fitowa cikin ƴan mintoci, ba su cika wuce awa 2 ba. Akwai wani iri mai jinkiri, wanda sai bayan yini ɗaya ko biyu a ga jini-jini a kashin jariri, ko ƙuraje masu ƙaiƙayi a kumatu da lanƙwasar hannu, yaro yana kuka ba ya ƙara nauyi.

Duk dabarun da muka lissafa a sama ba sa aiki a nan. Nono mai tsami, kindirmo, cuku, tafasasshiyar madara, duk suna tayar da shi. Man shanu ma a bar shi, don akwai ɓurɓushi a ciki. Kuma kada ku ce tunda ta saniya ta ƙi bari a gwada ta akuya. Madarar akuya da ta tunkiya ƴan uwan ta saniya ne na kusa, yawancin yaran da ɗaya ta ƙi, sauran ma za su ƙi su. Ta raƙuma ta ɗan bambanta, amma ba a gwada ta sai da sanin likita.

Abin lura babba: in bayan cin wani abu harshe ko maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya yi wuya ko yana fito, ko mutum ya yi laushi kamar zai suma, to ba lokacin jiƙo ko hayaƙi ba ne. A ɗauke shi zuwa CSI mafi kusa nan take, a kabu-kabu ko amalanke, duk abin da ya samu. Maganinsa allurar adiranalin ce, kuma mintoci ake ƙirgawa. Gidan da ya san yana da irin wannan yaro, ya san tun yau wa zai kira mai babur, ya kuma ajiye kuɗin mai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Labari mai daɗi shi ne yawancin yara suna rabuwa da wannan matsala in sun girma, da yawa kafin su isa shiga makaranta. Amma likita ne zai ce lokacin sake gwadawa ya yi, kuma a gabansa za a gwada.

Maganar ƙwai

Ƙwai ba shi da sukarin madara. Wanda madara ke kumbura wa ciki yana iya cin ƙwansa lafiya lau. In ƙwai ya ƙi mutum, yawanci irin dalili na biyu ne, kuma farin ƙwai ya fi gwaiduwa laifi. To amma ba a iya raba su tsaf a gida, don haka a bar duka. Alamun iri ɗaya ne da na madara. Ƙwan zabi, na agwagwa da na kaza duk dangi ne: wanda na kaza ya tayar wa borin jini kada ya ce damina ta yi, zabi sun fara zuba, bari ya gwada nasu. Dafawa ba ta kashe abin gaba ɗaya.

Ƙwai da madara suna ɓuya cikin abincin saye: kek, cincin, wasu biskit, mayonez da ake shafawa a burodi, alewar madara, yawur na leda. Kaskon mai shayi da aka soya ƙwai a ciki ma ya isa. A gaya wa kaka, a gaya wa maƙwabta da malamin makaranta, don yaro ba a gidansu kaɗai yake ci ba.

In za a yi wa yaro allurar rigakafin shawara, ku faɗa wa ma'aikacin lafiya cewa ƙwai yana tayar masa, domin cikin ƙwan kaza ake sarrafa wannan allura. Shi zai duba abin da ya dace. Ta baƙon dauro ba ta da wannan matsala, kada a fasa ta.

Sai wata tsohuwar magana, wai in an ba yaro ƙwai zai yi sata. Wannan camfi ne, kuma yana cutar yaranmu. Yaron da ƙwai bai taɓa tayar wa komai ba, daga wata 6 a fara ba shi dafaffe sosai, a murmushe cikin kunu. Likitoci sun gano cewa fara ba da shi da wuri yana ma rage yiwuwar jiki ya ƙi shi daga baya. Kwandon ƙwan da za a kai kasuwa, a rage wa yaran gida nasu tukuna.

Dalili na uku: laifin dabba, ƙwarya ko ruwa

Nan ne aikinmu da naku ya haɗu. Sau da yawa jikin mutum lafiyarsa lau, madarar ce ko ƙwan ke da cuta. Babbar alama ita ce mutum biyu ko uku da suka sha daga ƙwarya ɗaya duk sun kwanta, ko akwai zazzaɓi. Sukarin madara ba ya kawo zazzaɓi.

Bakkale. Saniyar da ke zubar da ciki in ya tsufa, ko mahaifa ta maƙale mata, ko gwiwarta ta kumbura da ruwa, ku yi zargin bakkale. Cutar tana bin ɗanyar madara ta shiga mutum: zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, zufan dare, ciwon baya da gaɓoɓi. Akan yi ta shan maganin zazzaɓin sauro ba sauƙi. Mai irin wannan ya gaya wa likita cewa yana shan ɗanyar madara.

Tarin shanu. Saniya mai tari tana ramewa na iya ba yara cutar ta madara. Haka kuma a shekarar 2016, da cutar zazzaɓin Rift ta ɓarke a Cintabaradan cikin jahar Tawa, ta kashe dabbobi da makiyaya, ɗaya daga cikin gargaɗin da aka yi wa jama'a shi ne a daina shan ɗanyar madara.

Ciwon hantsa. In hantsa ta yi zafi ta yi tauri, madara ta fito da gudaji ko jini ko ruwa-ruwa, a tatse a zubar nesa, kada a haɗa da ta sauran shanu.

Saurar magani. In an yi wa dabba allurar teramisin ko fenisilin, maganin yana fita cikin madara na wasu kwanaki. Adadin kwanakin yana rubuce a jikin kwalba, kuma ya bambanta daga magani zuwa magani. Ku tambayi malamin dabbobi ranar da ya yi allurar. Tafasawa ba ta fitar da shi. Akwai mutanen da fenisilin ke tayar wa borin jini, sai a ɗora wa madara laifi. Mata kun san alamar: irin wannan madara ba ta yin barci da kyau. Maganin tebur na kasuwa wanda ba a san awonsa ba ya fi kawo wannan.

Ruwa da ƙwarya. Nonon da aka sirka da ruwan tafki ko na rijiya marar murfi, ƙwaryar da ba ta sha rana ba, hannun da ba a wanke ba, ƙudaje a bakin faifai: ko wane ɗaya ya isa ya kawo zawo. A wanke hannu da sabulu, a goge hantsa, a tace madara da tsumma mai tsabta, a tafasa ta, ta huce, sannan a zuba ɗan tsohon nono mai kyau a rufe. Nonon zai yi barci kamar kullum, kuma mai saye zai dawo gobe. Mai talla da aka san nononta ba ya ɓata ciki ba ta rasa ciniki.

Ƙwai kuma, musamman na zabi da ake tsinta a daji ba a san kwanansa ba, a jefa shi cikin ruwa. Sabo yana nutsewa ya kwanta, wanda ya taso sama a yar. Mai tsaga a bar shi. A dafa har gwaiduwa ta yi tauri, kuma dafaffen da ya kwana a tire cikin zafi kada a ba yaro.

Yadda za ku gano mai laifi

Wannan gwaji na masu kumburin ciki, iska da zawo ne kaɗai. Wanda ya taɓa kumburin fuska ko wahalar numfashi, da jariri, da yaron da ya rame, ba a gwada su a gida.

1. Mako ɗaya a ci yadda aka saba, ana lura. Me aka ci, yaushe, me ya biyo baya? Wanda ya iya boko ko ajami ya rubuta. Wanda bai iya ba ya ja layi da gawayi a bango: layi ɗaya ranar da ya sha madara, ya gicciye shi in ciki ya tashi.
2. A cire abu ɗaya tak na mako 2. In madara ake zargi, a bar madara, nono, shayi mai madara da yawur, amma a ci gaba da sauran abinci har da ƙwai. In kun cire abu biyar lokaci guda, ko kun ji sauƙi ba za ku san wanne ne ba.
3. In babu canji, madara ta fita daga zargi. A mayar da ita, a duba wani abu. Wake, ɗanyar albasa, barkono da yaji a fura, garin kuka da ake kaurara nono da shi, tsutsar ciki, duk suna iya tayar da ciki.
4. In an ji sauƙi, a dawo da ita daki-daki. A fara da ludayi ɗaya na nono mai tsami cikin fura. A jira kwana 3. A ƙara zuwa biyu. Bayan nan a gwada rabin kofi na tafasasshiyar madara tare da abinci. Inda ciki ya fara magana, nan ne iyakarka, sai ka tsaya ƙasa da nan.
5. A yi gwajin da madarar gida wadda aka san saniyarta, aka kuma tafasa. Kada a yi shi lokacin da mutum ke zazzaɓi ko shan magani.

In akwai jini a bayan gida, ko rama, ko zawo ya wuce mako 2, a bar gwaji a tafi likita.

In dole an bari, me za a ci?

Madara da ƙwai suna gina jiki, madara kuma tana ƙarfafa ƙashi. In an cire su sai an cike gurbin, in ba haka ba an gudu daga zawo an faɗa tamowa. Mun san abin da tamowa ta yi a wannan yanki. Tun shekarar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta zo Magarya saboda ita, kuma akwai iyaye a nan da suka kwana da ƴaƴansu a wancan asibiti.

Abin cike gurbi yana gonakinku da fadamunku. Don gina jiki: wake, gujiya da ƙuli-ƙuli, awara, kifi, fara, nama in ya samu. Don ƙashi: miyar kuka, zogale, riɗi, da ƙananan busassun kifi da ake dakawa da ƙayarsu. Kunun yaro a zuba masa garin wake ko tunkuza da ɗan mai, kada a bar shi tsurar gero.

Jariri kuwa, wata 6 na farko nonon uwa zalla, tun daga dakashin farko. Ba madarar akuya, ba man shanu a baki, ba ruwa. A ci gaba da shayarwa har shekara 2. In likita ya tabbatar jikin jariri yana ƙin madarar shanu, wani lokaci uwar ce zai ce ta bar shan nono na ɗan lokaci, ita kuma ta ci gaba da ba da mama.

Abincin leda da ake ba yara masu tamowa a likita yana da madarar gari da gujiya a ciki. Kada uwa ta daina ba da shi don ta ji wannan jawabi. In ta ga borin jini, kumburi ko amai bayan yaro ya ci, ta koma da shi wurin da aka ba ta a ranar, ta faɗa musu.

Jama'a, rabon aikin ke nan. Abin da ya shafi jikin mutum, ku kai wa ma'aikatan lafiya. Saniyar da ta zubar da ciki, mai tari, mai ciwon hantsa, da tambayar kwanakin jira bayan allura, ku kawo wa malamin dabbobi na komin ɗinku ko mataimakinsa na ƙauye. Matambayi ba ya ɓata. Waɗanda suka zo su isar wa waɗanda ba su zo ba, musamman matan da suka tsaya wurin tatsa.